ƘOFAR BAYAN BISHIYAR FIYA

Shafi na 23

*Masu yi min ciwon baki don na ɓace kwana biyu, na ji, na kuma gode. Wadda ta ce in ban sako yau ba, za ta biyo ni har Melbourne, bismillah, amma ki taho da lema. Ga Popi nan ta iso gidan babanta.*

Ƙarfe tara daidai Popi ta zura mukullinta a ƙofar gidan da ke unguwar Thornbury, burodi huɗu a hammata, kiret biyu na ƙwai a hannu, takardar jerin ayyuka a haƙori. Mutum goma sha shida ne za su zo kalacin hantsi ƙarfe sha ɗaya, kamar kowace Lahadin farko ta Oktoba: sanyi ya ja jiki, bishiyar fiyar bayan gida ta ba da 'ya'yan fari, dangi su taru a ci da gasasshen burodi. Mahaifiyarta Aspasia ce ta kafa wannan al'ada. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta, kuma Popi ce ta karɓi ragamar ba tare da kowa ya roƙe ta ba.

Tun daga bakin ƙofa ta ji dariya. Dariyar babanta, wadda har ta manta yadda take. Da wata dariyar kuma, ta mace.

Ta tsaya cak.

Sai ƙarar ƙofar baya, garam, da sawun silifas a guje kan siminti.

Da ta shiga kicin, babanta Manolis na tsaye shi kaɗai da cokali a hannu. Dattijo ɗan shekara saba'in da ɗaya, tsohon direban taragon cikin gari, yana raba ido kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

"Ke! Me ya kawo ki da sassafe?"

"Ina kwana, Baba. Tara muka yi da kai."

"To ai takwas ce." Ya nuna agogon bango da cokalin.

"Tara ce. Daren jiya aka tura agogo gaba."

Manolis ya dubi na bango, ya dubi na hannunsa. Su biyun sun haɗa baki sun ci amanarsa. Da Aspasia ce ke hawa kujera ta gyara duk shekara, bayanta kuma Popi ke bugo waya ta tuna masa. Bana neman burodi ya ɗauke mata hankali.

"Gwamnatin nan," ya ce, "ko rana ba su ƙyale ba."

Popi ta sauke kayanta a hankali. Ido dai ba mudu ba ne, amma ya san kima.

"Kofi biyu, Baba."

"Ƙishi nake ji."

"Ɗaya har da jambaki a gefe."

"Tumatir ne."

"Wannan fa?"

Ta ɗaga wata 'yar kwalba. Baƙin man nan ne mai gishiri da 'yan ƙasa ke shafa wa burodi, wanda a gidan nan sunansa kwalta. Tun ranar da Manolis ya sauko daga jirgin ruwan da ya kawo shi daga Crete ya rantse ba zai kai shi baki ba, kuma shekara hamsin bai yi kaffara ba.

"Likita ya ce yana gyara jini."

"Wane likita?"

"Wani likita. Ba ki san shi ba."

A kan kantar kicin ga jakunkunan takarda guda shida a jere, kowace da fiya biyar da ayaba ɗaya a ciki. Fiya ba ta nuna a bishiya, ko za ta shekara a sama. Sai an tsinko ta da kwana bakwai ko takwas, a rufe ta da ayaba, ana dubawa safe da yamma. A yi gaggawa ta zo kamar dutse, a makara ta zo baƙa. Popi ta ciro ɗaya ta danna wuyanta da babban yatsa, ta ji ta lotsa daidai yadda ake so. Shekara uku tana yaba wa babanta a kan wannan a gaban jama'a, shi kuma yana karɓar yabo yana shafa gashin baki.

A jikin kowace jaka an rubuta *Lahadi* da rubutu mai kyau, zagayayye. Rubutun Manolis kuwa ko shi kansa sai ya sa tabarau ya yi addu'a.

"Zan tsinko lemon tsami," ta ce.

"Akwai a firji!"

"Na bishiya nake so."

"Popi! Kalliopi! Akwai raɓa, za ki jiƙa takalminki!"

Ko cikakken sunanta da ya kira bai tsayar da ita ba. Ta wuce igiyar shanya, ta wuce dashen tumatir, ta wuce lemon ma ko kallonsa ba ta yi ba. Bayan kututturen fiyar, inda ganye ya yi duhu, an cire katako uku daga shingen da ya raba su da maƙwabta, an sa wata 'yar ƙofa mai koren fenti. A tsakiyar ƙofar kuma ga mace, rabinta a gidansu, rabinta a nata, ƙusa ta kama mata rigar sanyi ta baya.

Glenys Hartigan. Tsohuwar nas, maƙwabciyarsu tun Popi na firamare. Matar da Aspasia ta shekara goma sha tara ba ta ce mata ina kwana ba.

"Barka da asuba, Popi," in ji Glenys, fuskarta ta yi jajir. "Taimaka ki cire ni, 'yar nan. Ƙusar babanki ta ƙi sakina."

Tarbiyya ce kawai ta sa Popi ta cire ta.

"Misis Hartigan."

"Glenys."

"Misis Hartigan, me kike yi a shingen gidanmu?"

"In za a bi doka, rabinsa nawa ne."

"Doka! Ai kin saba."

Babu wanda ya tashi a gidan nan bai san labarin bokiti ba. Reshen fiyar ya tsallaka gidan Glenys, to duk shekara sai ta tattara 'ya'yan da suka faɗo mata, ta ƙirga su cikin bokiti, ta ajiye a ƙofar Aspasia ba tare da ta taɓa ko ɗaya ba. Aspasia kuwa ta ɗauki bokitin tana kuka tana zagi da yaren garinsu. A ƙauyen da ta fito, wanda ya mayar maka da abincinka ya ce ne kai ƙazami ne.

"Kin wulaƙanta mamata shekara da shekaru," in ji Popi. "Yanzu ƙasa ta rufe mata ido, kin huda shinge kin shigo mata kicin."

Glenys ta gyara rigarta.

"Ba ni na huda ba."

"To wa? Baba?"

"Mamarki. Da ƙafa ta fara. Katakon farko ita ta ɓalle shi."

"Ƙarya ne."

"Shekarar da ta fara ciwo ne. Na kai bokiti kamar kullum, sai ta leƙo ta nan, ta ce, ke Baturiya, guba ce a fiyata da ba kya ci? Na ce a'a, taki ce, mu a wurinmu abin da ya faɗo daga bishiyar maƙwabci nasa ne, in na ci na yi sata. Sai ta ce, shekara goma sha tara kina min gaskiya ina zagin ki? Na ce ni duk zatona gaisuwa kike yi da yarenku."

Popi ta so ta riƙe fuska, amma dariya ta kubce mata ta hanci.

"Muka yi dariya har ta zauna a ƙasa," in ji Glenys. "Washegari ta sa babanki ya kawo guduma. Duk allurar da aka yi mata a gida a watanninta na ƙarshe, ta ƙofar nan na shigo na yi. Ku kuna wurin aiki. Ita ta koya min dabarar ayaba. Ta ce Manoli ba zai iya ba, zai kai wa yara duwatsu."

"Me ya sa ba ta faɗa mana ba?"

Amsar ta bayanta ta fito. Manolis ya iso, har yanzu da cokalinsa.

"Kin san uwarki. Ta ce, na shekara goma sha tara ina tsine wa matar nan a gaban 'ya'yana, yanzu in ce ni ce ban gane ba? Sai dai bayan raina."

Wannan kam maganar Aspasia ce, har Popi ta ji ta da muryarta. Ta jingina da bishiyar ta yi kukanta, kuka mai daɗi, irin wanda mutum ke yi in an dawo masa da wani abu na mamacinsa da bai san akwai shi ba. Ba wanda ya ce ta yi shiru. Glenys ta zaro hankici daga hannun riga ta miƙa mata.

Da ta share fuska, ta dubi babanta.

"To yanzu fa?"

"Yanzu muna shan kofi."

"Baba."

Ya dubi cokalin, ya dubi ƙasa, sannan ya ɗago.

"Ina son ta, Popi. Shi ke nan, na faɗa. Gidan nan ya yi min shiru da yawa."

Ta ji zafi, ba za a ce ba ta ji ba. Amma ta tuna dariyar da ta tarar a bakin ƙofa, ta kuma lissafa rabon da ta ji irinta.

"Me ya hana ka gaya min?"

Manolis ya saci kallon Glenys. Glenys ta saci kallon sama.

"Thiya Vula," ya ce da sauri. "Kin san halinta."

To nan fa aka zo wurin. Thiya Vula yayar Aspasia ce, shekara huɗu tana cikin baƙaƙen kaya tun daga ɗankwali har safa, kuma harshenta ya taɓa sa wani mahauci a kasuwar Preston ya ba ta haƙuri a rubuce. Popi ta miƙe tsaye, ta gyara wuyan riga. Ita dai a ba ta aiki, ko na yaƙi ne.

"Ku bar ni da ita. Glenys, yau a teburin nan za ki ci. Kin iya dafa ƙwai ba ɓawo?"

"Shekara talatin ina yi wa marasa lafiya."

"To muje. Awa ɗaya da rabi ta rage, ta gaskiya, ba ta agogon Baba ba."

Kicin ya ɗauki harama. Popi ta yanka burodin mai tsami da kauri, ta jera a tanda, duk wanda ya fito ta goga masa tafarnuwa tun da zafinsa, ta ɗiga man zaitun. Manolis na tsaga fiya yana murɗawa, yana cire ƙwallon da cokali don Popi ta hana shi sara da wuƙa tun shekarar da aka yi masa ɗinki huɗu a tafin hannu. Ciki ya fito kore shar, ba tabo ko ɗaya.

"A dama ta da cokali mai yatsu," in ji Glenys.

"A yanka ta siri-siri," in ji Popi. "Haka Mama ke yi."

"Mamarki damawa take yi in ba kwa nan. Ta ce yankan don baƙi ne."

"Ikon Allah. Wai akwai abin da na sani game da matar nan kuwa?"

Aka yi rabi da rabi. Aka matse lemon tsami a kai don kada ta yi baƙi, aka barbaɗa gishiri. Tire na farko, farin cuku mai gishiri da na'ana'a, Manolis ya marmasa da hannu yana ci yana ƙaryatawa. Na biyu, ƙananan tumatir da aka gasa har suka fashe. Na uku, bandan kifi da albasa mai tsami. Na huɗu, garin riɗi da dakakken barkono, don Terry ƙanin Popi, wanda ba ya jin ya ci abinci sai ya yi gumi. Glenys kuwa ta tsaya kan tukunya, ta zuba ɗan ruwan tsami, ta juya ruwan ya yi gurbi, ta saki ƙwai ɗaya bayan ɗaya suna fitowa a dunƙule, fari fat. Popi da ke ɓata uku kafin ta sami ɗaya ta tsaya tana kallo.

Can Glenys ta ɗauki guntun burodi, ta shafa kwalta kaɗan, ta ɗora fiya, ta miƙo.

"Ɗanɗana."

"Allah ya kiyaye."

"Ba wanda zai sani."

Popi ta gatsa. Ta tauna. Ta sake gatsawa.

"Yaya?"

"Ba laifi."

"Ta cinye," in ji Manolis ga tukunya.

"Baba, ka je ka fitar da kujeru."

Suka shimfiɗa teburin a ƙarƙashin bishiyar. Rana ta fito sosai, ƙudan zuma na ta kai da kawo a furen lemo. A kan kujerar Aspasia ta kan tebur Popi ta ɗora tulun furanni kamar yadda ta saba, ba mai zama a nan. Sannan ta shiga ta ɗauko wata kujerar ta ajiye kusa da ta babanta, ta sa faranti na goma sha bakwai. Ta ji ranta fes. Har tana yaba wa kanta a zuci, wai ba kowace 'ya ce za ta yi wannan girman cikin awa biyu ba.

Sha ɗaya da 'yan mintuna gida ya cika. Terry ya shigo da matarsa, ya ce wa Glenys sannu, ya zarce wajen tiren barkono. Popi ba ta yi mamaki ba, Terry ko gini aka rushe a gabansa in akwai abinci ba zai lura ba. 'Yan uwa suka zazzauna, ana miƙa faranti, gwaiduwa na fashewa tana gangarowa kan fiya, wani kawu na ba da labarin tsuntsun da ya kai masa sara a ka a hanyar tasha.

Sai aka ji ƙwanƙwasar sanda a siminti.

Hira ta mutu.

Thiya Vula ce, daga coci, baƙa wuluk, da tiren fanken alayyafo a hannu ɗaya. Ta tsaya ta ƙare wa teburin kallo, kujera bayan kujera, har idonta ya sauka kan Glenys.

Popi ta ajiye tiren hannunta ta sha gabanta.

"Thiya, sannu da zuwa. Kafin ki ce komai, ki saurare ni. Glenys baƙuwata ce. Ni na gayyace ta, ni na sa mata kujera. Ta yi wa Mama abin da mu ba mu sani ba. Baba kuma mutum ne, yana da haƙƙin ya yi dariya a gidansa. In akwai mai magana, da ni zai yi."

Thiya Vula ta dube ta sama da ƙasa.

"Kin gama?"

"Na gama."

"To riƙe min wannan, yana da zafi."

Ta danƙa mata tiren, ta ratsa ta gefenta, ta nufi Glenys kai tsaye. Manolis ya rufe ido. Tsohuwar ta sunkuya, ta sumbaci Glenys a kumatu biyu, ta kama hannunta na hagu ta juya.

"Amarya, ina zoben? Na ce ki daina ɓoye shi a aljihu, zai faɗi."

Cokali ya faɗi daga hannun wani.

"Wane zobe?" in ji Popi.

Thiya Vula ta juya kan Manolis.

"Manoli. Ba ka gaya mata ba?"

"Ina shirin..."

"Sati uku kana shiri! Kai da ka ce da an fito daga ofishin za ka kira ta!"

"Wane ofishi?" Muryar Popi ta yi ƙasa.

"Na rajistar aure, 'yata. An ɗaura. Ni na sa hannu a shaida, da wannan hannun."

"Ke? Amma Baba ya ce ke yake tsoro."

"Ni?" Tsohuwar ta buga sanda a ƙasa. "Ni da na ce ya yi sauri kafin mutuwa ta riga shi? Baƙin nan da kika gani don ƙanwata nake sa shi, ba don in ɗaure mijinta ba. Ke ake tsoro, Kalliopi. Duk gidan nan ke ake tsoro. Shekara huɗu ko labule ba ki bari an canza ba. Mutum ya matsar da tulun gishiri sai kin mayar. Wa zai tunkare ki da maganar aure?"

Popi ta bi fuskokin da kallo. Kawu na kallon farantinsa. Matar Terry na kallon bishiya. Glenys ta sa hannu a aljihun rigar sanyinta ta bar shi a can, idonta ya cika da ƙwalla. Babanta ya miƙe rabi, bai san ko ya ƙarasa ba.

"Popi, 'yata..."

Ba ta dube shi ba. Ƙaninta ta juya ta kalla, tiren na ƙona mata yatsu.

"Terry. Kai ma ka sani?"

Terry ya haɗiye lomar bakinsa da ƙyar.

"Ni na kai su a mota."